Bikin Littattafai na Kaduna da Abin da Yake Yi wa Marubutan Arewa

Bikin Littattafai da Fasaha na Kaduna, wanda aka fi sani da KABAFEST, taro ne na 'yan kwanaki da ke haɗa marubuta da makaranta da maɗaba'u da masu zane da 'yan fim a birnin Kaduna. An fara shi a watan Yulin 2017 a Cibiyar Gusau, wato cibiyar nazari da ɗakin karatu da Janar Aliyu Muhammad Gusau ya kafa. Gidauniyar Book Buzz ta marubuciya Lola Shoneyin ce ta shirya shi, da haɗin gwiwar gwamnatin jihar a zamanin Gwamna Nasir El-Rufa'i. Lola ba baƙuwa ba ce a wannan fage, domin tun 2013 take gudanar da bikin Ake, wanda ya faro a Abekuta kafin ya koma Legas, kuma ya zama ɗaya daga cikin manyan tarukan adabi a nahiyar Afirka. Tsarin Ake aka ɗauko aka dasa a Kaduna, aka kuma karkata shi ga marubutan Arewa da al'amuran da suka dami Arewa. An yi shi a 2017 da 2018 da 2019, annobar korona ta dakatar da shi, ya dawo a 2022.

Zaɓen Kaduna yana da dalili. Ita ce hedikwatar tsohuwar Jihar Arewa, nan jaridar New Nigerian ta yi zamaninta, nan Rediyon Kaduna yake, nan kuma Gidan Arewa da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa suke. Zariya, inda aka haifi ƙagaggen labarin Hausa na boko, tafiyar awa ɗaya ce ko ɗan fiye. Ban da wannan, Kaduna gari ne da ya ɗanɗana rikici mai zafi a 2000 da 2002 da 2011, har mazaunansa suka rabu, wasu suka koma kudancin kogin garin wasu arewacinsa. A irin wannan gari, ba ƙaramin abu ba ne a samu zaure guda inda yarinya daga Tudun Wada da saurayi daga Barnawa za su zauna kusa da juna suna sauraron marubuci ɗaya, su kuma yi masa tambaya a kan addini da aure da siyasa ba tare da an tashi baram-baram ba.

Wanda bai taɓa halartar irin wannan biki ba zai iya ɗaukarsa kamar taron ƙaddamar da littafi, alhali akwai bambanci mai nisa. A ƙaddamarwa da aka saba gani, manyan baƙi ake gayyata, a yi jawabai, attajiri ya sayi kwafi ɗaya a kan kuɗi mai tsoka, a tashi ba tare da an buɗe littafin ba. A bikin adabi kuwa littafin ne babban baƙo. Ana zaunar da marubuci a gaban jama'a tare da wanda ya karanta aikinsa da kyau, a tambaye shi yadda labarin ya zo masa, me ya sa ya kashe wane ya bar wane, wane bincike ya yi, sannan a miƙa wa 'yan kallo makirfo. Akwai zaman muhawara na mutum uku ko huɗu a kan batu guda. Akwai shagon littattafai na wucin gadi inda makaranci zai sayi littafi ya kai wa marubucin ya sa masa hannu. Da dare a yi karatun waƙa, ko a nuna fim, ko a saurari mawaƙa, ga kuma baje kolin zane da hotuna a gefe. Sai bita, wadda ita ce ta fi shafar sababbin marubuta: a tara matasa kaɗan a ɗaki, gogagge ya bi rubutunsu layi-layi.

Ba za a gane darajar wannan ba sai an waiwayi yadda ake rainon marubuci a ƙasar Hausa tun farko. A 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙaga labari. Daga cikinta aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi da John Tafida ya rubuta tare da East ɗin kansa. Abin lura shi ne gasar ba ta tsaya ga ba da kyauta ba. Akwai mai tace rubutu, akwai injin ɗab'i, akwai makarantun da za su karɓi littafin. Imam yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, yana koyarwa a Midil ta Katsina, lokacin da ya shiga gasar. Bayanta aka ɗauko shi zuwa Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, kuma a 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Hazaƙarsa tasa ce, amma hanyar da ta bi ta fito fili an share mata ita.

An sake ganin haka bayan shekaru arba'in da ɗoriya. Gasar kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ta fito da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, waɗanda aka buga a 1980. Littafin Hafsat shi ake ɗauka a matsayin ƙagaggen labari na farko da aka wallafa na mace Bahaushiya. Gasar Sashen Al'adu na Tarayya kuma ta ba da Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa da wasunsu a 1982.

Daga nan tattalin arziki ya karye, darajar naira ta faɗi bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka koma buga littattafan makaranta kawai. Marubutan Hausa ba su zauna jira ba. A Kano musamman, suka riƙa tara kuɗinsu suna kai rubutu ga ƙananan maɗaba'u, suna miƙa wa 'yan kasuwa su sayar. Suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama. A wannan zamanin ne Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya da Alhaki Kuykuyo Ne, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna, Bilkisu Funtuwa ta fitar da Allura Cikin Ruwa. Farfesa Ibrahim Malumfashi ya kira wannan yunƙuri adabin kasuwar Kano, aka yi ta tafka muhawara a jaridu tsakaninsa da irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu da Farfesa Yusuf Adamu a kan ko abin alheri ne ko koma baya. Ko ma wane ɓangare mutum ya tsaya, ba a musun cewa waɗannan littattafai sun sa dubban mata da matasa karatu, wasu ma dominsu suka dage suka iya boko. Sai dai an rasa abu guda da su Imam suka samu, wato edita. Marubuci shi ne mai rubutu, shi ne mai gyara, shi ne mai biyan ɗab'i, shi ne mai bin bashin kuɗinsa a kasuwa. Ga kuma zargin ɓata tarbiyya da ya riƙa bin su, har a 2007 aka yi taron ƙona wasu littattafan a Kano.

A gefe guda kuma akwai 'yan Arewa masu rubutu da Turanci, waɗanda tasu matsalar daban ce. Labo Yari da Abubakar Gimba da Zaynab Alkali sun yi suna, amma cibiyar harkar adabin Turanci a Nijeriya tana Legas da Ibadan, kuma sau da yawa idan ana lissafin marubutan ƙasa sai a tsallake Arewa kamar ba kowa. Abin ya fara sauyawa a fili a 2015 da 2016, lokacin da Elnathan John, ɗan Kaduna, ya fitar da Born on a Tuesday, Abubakar Adam Ibrahim kuma ya ci kyautar adabi ta kamfanin gas na NLNG, mai dala 100,000, da littafinsa Season of Crimson Blossoms. Bikin Kaduna ya zo ne daidai wannan gaɓa, lokacin da idon duniya ya fara juyowa.

Waɗannan rukunoni biyu sun daɗe suna zaune a gari ɗaya ba tare da sun san juna sosai ba. Mai rubutun Hausa yana da makaranta masu yawa amma ba shi da mai tace masa aiki, ba shi da mai kai shi waje. Mai rubutun Turanci yana iya samun maɗaba'a a Abuja ko Landan, amma maƙwabtansa ba su san ya yi littafi ba. Babbar fa'idar biki irin na Kaduna ita ce yana iya zaunar da su a dandali guda, kowa ya ga abin da ɗan'uwansa ya mallaka. Misalin abin da irin wannan haɗuwa ke iya haifarwa ya riga ya bayyana tun 2012, lokacin da kamfanin Blaft na ƙasar Indiya ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne da Aliyu Kamal ya yi zuwa Turanci. Littafin da aka rubuta don matan Kano sai ga shi ana nazarinsa a jami'o'in ƙetare. Littattafan Hausa da suka cancanci irin wannan fassara suna da yawa, kuma mafassari da maɗaba'i ba sa saninsu sai an haɗa su da masu su.

Ga sabon marubuci, amfanin farko shi ne gani da ido. Yarinyar da ke rubutu a ɓoye cikin littafin makaranta, ko a wayarta, idan ta ga Leila Aboulela, 'yar Sudan da ta fara cin kyautar Caine a 2000 kuma ta halarci bikin farko na Kaduna, tana zaune da lulluɓinta tana bayanin yadda take rubuta rayuwar Musulmi ga duniya, wani abu yana sauyawa a zuciyarta. Ta gane cewa rubutu sana'a ce da irinta za ta iya yi ba tare da ta bar addininta ko al'adarta ba, kuma tana da abin da za ta nuna wa iyayenta idan suka tambaya ina wannan hanya za ta kai ta.

Amfani na biyu shi ne gyara. Yawancin masu tasowa ba su taɓa samun wanda ya karanta aikinsu ya gaya musu gaskiya ba. Abokai yabo suke yi, mabiya a intanet kuma ci gaban labari kawai suke nema. A zaman bita ne matashi zai fara jin cewa shafuka ukun farko na labarinsa ba su da aiki, ko cewa duk taurarinsa murya ɗaya suke magana da ita, ko cewa ya faɗi abin da ya kamata ya bar makaranci ya gano da kansa. Wannan magana tana da ɗaci a ranar farko, amma ita ce ke raba mai sha'awar rubutu da marubuci. A nan ne kuma ake koyon abubuwan da ba a koyarwa a aji: yadda ake tura rubutu ga mujalla, abin da ya kamata a duba kafin a sa hannu a yarjejeniya da maɗaba'a, mene ne haƙƙin mallaka, da matakin da za a ɗauka idan an yi wa mutum satar fasaha, wadda ta zama ruwan dare tun da labarai suka koma yawo a WhatsApp.

Na uku shi ne sanayya. Editoci da masu kamfanonin ɗab'i irin su Cassava Republic da Parrésia da Ouida, waɗanda matashin Funtuwa ko Gusau ba shi da hanyar isa ofishinsu, a irin wannan taro yana iya tsayawa da su a bakin shagon littafi ya gabatar da kansa. Haka kuma yana haɗuwa da tsararrakinsa, kuma sau da yawa waɗannan su ne za su zame masa masu karanta rubutun farko har tsawon rayuwa.

Gogaggen marubuci ma yana da nasa rabon, ko da yake ba a cika maganarsa ba. Akwai ciniki, domin a ƙasar da shagunan littafi suka yi ƙaranci, kwana uku na biki na iya sayar da abin da wata da watanni ba su sayar ba. Akwai kuma karramawa. A bikin Kaduna an ba Zaynab Alkali lambar yabo ta gudummawar rayuwa, ita da littafinta The Stillborn ya fito tun 1984 ya kuma buɗe wa matan Arewa ƙofa a adabin Turanci. Karrama dattijo yana da rai, a gaban matasan da suka karanta shi a makaranta, ya fi duk wata ta'aziyya mai daɗin kalmomi da za a rubuta bayan ya tafi. Marubutan Hausa da yawa sun rasu ba su ga irin wannan rana ba, kuma littattafansu sun ɓace daga kasuwa ba wanda ya sake bugawa.

Duk da haka akwai gyare-gyaren da ya wajaba a faɗa. Na farko shi ne harshe. Yawancin zaman bikin Kaduna da Turanci ake yin su, alhali mafi yawan masu karanta ƙagaggen labari a Arewa da Hausa suke karatu. Matar auren da ta karanta littafi ɗari na Hausa ba lalle ta ji cewa taron nata ba ne. Wannan giɓi na cikin abin da ya sa aka samu Bikin Littattafai da Fasahar Hausa na Duniya, wato HIBAF, wanda Sada Malumfashi da ƙungiyarsa ta Open Arts suka fara a Kaduna a 2021, inda Hausa da adabinta suke tsakiyar fage. Bukukuwan biyu ba kishiyoyi ba ne, kowanne yana toshe inda ɗayan ya bari. Amma babban biki da ke amsa sunan Arewa ya kamata ya ba zaman Hausa lokaci mai kyau a jadawalinsa, ya kuma tuna cewa akwai masu rubutu da Fulatanci da Kanuri da Nupanci da Tyap.

Na biyu shi ne kuɗi. Kawo marubuta daga ƙasashe daban-daban, da masaukinsu, da zauren taro, abu ne mai cin kuɗi, kuma bikin Kaduna ya tashi ne da tallafin gwamnatin jiha. Ba laifi ba ne gwamnati ta kashe kuɗi a kan adabi, hasali ma haƙƙi ne a kanta kamar yadda take kashewa a wasanni. Haɗarin shi ne abin da ya dogara ga sha'awar gwamna ɗaya yana iya tafiya tare da shi, kuma marubuci, wanda aikinsa ya haɗa da faɗa wa masu mulki gaskiya, yana iya jin nauyin baki a zauren da masu mulki suka biya. Maganin wannan shi ne a yawaita masu ɗaukar nauyi: jami'o'i, bankuna, 'yan kasuwar Kano da Kaduna, da su kansu makaranta. Attajirin da ke iya ba da miliyoyi a ƙaddamar da littafi ɗaya zai iya ɗaukar nauyin bitar matasa ashirin da kuɗin da bai kai haka ba.

Na uku, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne abin da ke biyo bayan an watse. Biki kamar ranar kasuwa yake: rana ɗaya take ci, amma abin da aka baje a cikinta a sauran kwanakin mako aka noma shi. Idan matashi ya fito daga bita da zumuɗi, ya koma garin da ba ɗakin karatu mai aiki, ba mujallar da za ta buga gajeren labarinsa, ba edita, to zumuɗin ba zai kai watanni uku ba. Shi ya sa ayyukan da ke gudana duk shekara suke da muhimmanci daidai da bikin kansa: zaman karatu na rassan Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, wadda Chinua Achebe ya jagoranci kafa ta a 1981, da aikin da B. M. Dzukogi ya daɗe yana yi da 'yan makaranta a cibiyar Hill-Top ta Minna, da gasa irin Hikayata ta Sashen Hausa na BBC, wadda tun 2016 take fito da sababbin marubuta mata. A 2022 Amira Souley daga Jamhuriyar Nijar ce ta lashe ta, abin da ke tuna wa masu shirya bukukuwa cewa adabin Hausa bai tsaya a kan iyaka ba, kuma marubutan Maraɗi da Damagaram da Yamai suna da kujera a kowane taro da ake yi da sunansa.

Akwai kuma rundunar marubutan onlayin, waɗanda yawancinsu mata ne, masu sakin labari kashi-kashi a WhatsApp da Facebook da Wattpad, wasu har makaranta na biyansu ta banki kafin a sa su a zauren karatu. Su ne magadan marubutan Kano na shekarun 1990, da yawan makarantansu da kuma rashin mai tace musu aiki. Kuskure ne a maimaita abin da aka yi wa na farko, a tsaya daga nesa ana kushe su. Bikin da ke son tallafa wa sabon marubuci a Arewa a yau dole ya neme su inda suke, ya gayyato fitattunsu su hau dandali, ya shirya musu bita da Hausa a kan gina labari da ƙa'idojin rubutu da kare haƙƙinsu.

Tun bayan 2017 an ga ƙananan bukukuwan littafi sun ɓullo a garuruwa irin su Minna da Sakkwato, mafi yawansu matasa ne ke shirya su da ɗan abin da suka tara. Wannan yaɗuwa ita ce babbar shaidar cewa ana buƙatar abin. Ma'aunin da ya dace a auna kowannensu da shi ba yawan manyan baƙi ba ne, a'a, littattafai nawa ne aka gyara aka buga a dalilinsa, nawa aka fassara, kuma matasa nawa ne suka dawo shekara ta gaba da rubutun da ya fi na bara. Malaman makarantun sakandare da ke kusa da inda ake irin wannan taro su nemi jadawalinsa tun da wuri su kai ɗalibansu, iyaye kuma su bar 'ya'yansu mata su je. Wanda ya samu halarta, ya tanadi kuɗin littafi ko da ɗaya ne, ya saya daga hannun sabon marubuci.